Dutsen da Hajiya ma za ta hau: yadda muka nemo wurin fita na yini ɗaya daga Kano

Ƙungiyar tamu ba ta masu hawan dutse ba ce. Mutane ne da likita ya ce su rage zama, muka riƙa haɗuwa a Filin Sukuwa duk Asabar bayan sallar asuba, a zagaya sau uku ko huɗu, a sha shayi a bakin titi, kowa ya kama gabansa. Akwai Alhajin da ke da shago a Kantin Kwari, akwai malaman makaranta biyu, akwai ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, akwai tsohon ma'aikacin banki da muka naɗa shugaba, sai matan wasu daga cikinmu da 'ya'ya da ƙannen da ake jawowa dole. Ni aka ba sakatare, don na fi kowa surutu a WhatsApp. Abin da zan bayyana a nan fita ɗaya ce da muka yi cikin Disamba, tun daga ranar da aka kawo shawara har ranar da muka zauna bita. Dalilin rubuta shi dalla-dalla kuwa, tun da muka sa hotuna ake damuna da tambaya guda: wane dutse ne wannan, mu ma za mu iya?

Asalin maganar

Ɗan ƙanin shugaba ne ya janyo. Ya yi bautar ƙasa a Jos, ya dawo da hotunan duwatsun Shere cike da waya, yana nuna wa mutane a teburin mai shayi. Ya ce, “Baba, shekara biyu muna zagaye fili ɗaya kamar raƙumin ban ruwa. Mu ma fa muna da ƙafa.” Aka yi dariya, amma kafin azahar mutum 31 sun rubuta suna a guruf.

Da na jera sunayen sai na ga inda gizo ke saƙa. Ƙaraminmu shekararsa 16, babbanmu 64. Mata bakwai. Sista ta ce kowa ya tura mata saƙo ita kaɗai, ya faɗi ciwon da yake fama da shi da maganin da yake sha, don ta san a gaban jama'a babu wanda zai faɗi gaskiya. Abin da ta tattaro: masu hawan jini biyar, masu ciwon sukari uku, mai asma ɗaya, sai Hajiya, matar shugaba, da gwiwarta ke kumbura in ta daɗe a tsaye. Hajiyar kuma ita ta fara biyan kuɗin mota.

Muka zauna mu huɗu, ni da shugaba da Sista da yaron Jos, muka gindaya sharuɗɗa. A fita bayan asuba a dawo Kano kafin magariba, ba tafiyar dare. Kada a sami inda sai an kama dutse da hannu kafin a wuce. A sami sabis ɗin waya. Asibiti ya kasance kusa. Sista ta ƙara ɗaya da a lokacin na ɗauka ƙarami ne, daga baya ya zama shi ne ginshiƙin tafiyar gaba ɗaya: dole dutsen ya zama yana da wuraren da mutum zai ce “ni a nan na tsaya” ba tare da ya ji kunya ba. Ta ce namijin Bahaushe ya gwammace ya faɗi sumamme da a ce matarsa ta wuce shi.

Yaron ya zo mana da wani lissafi da masu hawan dutse ke amfani da shi, na wani mutumin Sikotlan mai suna William Naismith, tun 1892. Lissafin ya ce a ba kowace tafiyar kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 da za a hau sama. Lissafi ne mai kyau, sai dai an yi shi ne don ƙaƙƙarfan mutum mai tafiya ba tsayawa, a ƙasar da rana ba ta dukan ƙeya. Bai san da Hajiya ba. Shi ya sa muka ce kafin a auna dutse, a fara auna mutanen.

Gwaji a Dala

Da na sa a guruf cewa Asabar mai zuwa a Dala za a haɗu, Alhajin Kwari ya leƙa intanet ya ga an rubuta tsayin dutsen mita 534. Ya kira ni hankali a tashe, wai ya yi lissafi ya ga ya fi bene hawa ɗari. Na ce masa, “Alhaji, daga teku aka fara ƙirgawa. Kanon da kake zaune a ciki ita kanta tana kan tudu mai kusan mita 480. Abin da za ka hau ragowar ne.” Wannan kuskure ne da kusan duk mai neman dutse a waya yake yi. Lambar da ake rubutawa kusa da sunan dutse ba ita ce za ta gaya maka wahalarsa ba. Abin tambaya shi ne daga inda mota ta tsaya zuwa ƙoli mita nawa ne, kuma a cikin tazara nawa.

Abin mamaki, cikin mutum 22 da suka zo ranar, tara ba su taɓa hawa Dala ba, kuma duk haifaffun Kano ne. Alhajin ma a Jakara aka yanke cibiyarsa. Ya ce ai kullum yana ganinsa, aka ce masa hangen Dala ba shiga birni ba ne, shi kuma ya shiga birnin ya bar Dalar. Dutsen da garin ya tsiro daga gindinsa ke nan, inda aka gano alamun narka tama tun wajen ƙarni na 7, inda tarihi ya ce Barbushe yake hawa ya gana da Tsumburbura ya sauko ya gaya wa mutane abin da shekara za ta zo da shi. Yau yara da mata ne ke cika shi ranar Takutaha, sauran ranaku kuwa sai samarin unguwa da awaki. Zaizayar ƙasa ta ci gefensa, gidaje sun matso har jikinsa, ledoji ko'ina. Wannan wani zance ne daban, amma ya ba ni haushi.

Matakalar siminti ce, ɗari da 'yan kai. Na tsaya a sama da agogo. Yaran suka iso cikin minti huɗu suna dariya. Yawancin manya tsakanin minti takwas da goma. Hajiya ta iso a minti na 17, ta huta sau uku, kuma ta ƙi yarda kowa ya riƙe mata hannu. Sista na bin mutane tana kama tsintsiyar hannu tana ƙirga bugun jini, tana sa kowa ya yi mata magana. Ma'auninta mai sauƙi ne: in kana iya yin cikakkiyar jimla ba tare da numfashi ya yanke ba, kana daidai, in kuwa kalma ɗaya-ɗaya kake fitarwa, zauna.

Abu biyu muka ɗauko daga Dala. Na farko, tsakanin mai saurinmu da mai nawarmu ninki huɗu ne, don haka duk lokacin da lissafin Bature ya ba mu sai mun ninka shi. Na biyu, sauka ta fi hawa cin mutum. A hawa huhu ne ke aiki, a sauka gwiwa ce, kuma gwiwar ɗan shekara sittin ba ta da birki. Mutum biyu da suka hau lafiya lau sun sauko gefe-gefe kamar ƙaguwa. Bayan wannan rana mutum huɗu suka janye sunansu da kansu, ba wanda ya ce musu komai.

Sauran duwatsun cikin gari ba su ɗauke mu lokaci ba. Goron Dutse akwai ma'ajiyar ruwan gari a kansa, ga gidan gyaran hali a kusa, ba wurin da taron mutane za su je suna ɗaga waya suna hoto ba ne. Fanisau, inda Sarki ke hawan Sallah, kusa ne kuma akwai tarihi, amma an ce in don wannan ne ai ba a bar Kano ba. Mutane so suke su shiga mota, su ga daji.

Waɗanda aka zubar da dalilin zubar da su

Shere ta faɗi tun a zaman farko, duk da zumɓura bakin da yaron ya yi. Ƙolinta ya kai mita 1,829, akwai cibiyar horar da matasa a gindinta, masu jagora ba sa wuya. Amma zuwa Jos da dawowa a yini ɗaya yana nufin a kwana a mota a farka a mota, dutsen kuma a gaishe shi daga nesa.

Riruwai ce ta jawo musu mai zafi. Duk wanda ya san kudancin jihar Kano ya san nan ne duwatsun gaske suke, tsohon garin haƙar kuza a ƙaramar hukumar Doguwa, ga sanyi ga ruwa mai gangarowa daga dutse. Ɗaya daga cikin malaman makarantar ya taɓa koyarwa a can, ya ce duk wanda bai ga Riruwai da damina ba bai san Kano ba. Matsalar ita ce hanyar ta dajin Falgore take bi, dajin da labarin 'yan fashi da ɓarayin shanu ya daɗe yana fitowa daga cikinsa, har sojoji suka mai da shi wurin atisaye. Malamin ya ce motocin Jos kullum suna bi lafiya, kuma gaskiyarsa ne. Shugaba ya ce shi ma ya sani, amma motar haya daban, bas cike da matan mutane da 'ya'yan mutane da shi ya sa hannu ya ɗauko daban. Ya ce, “Malam, in ni da kai ne, gobe ma mu tafi.” Ni dai a raina Riruwai nake so, har yanzu ma ita nake so, amma na goyi bayan shugaba kuma ban yi da-na-sani ba.

Kufena ta Zariya ta daɗe a takarda. Dutse ne sananne kusa da Wusasa, mutane na hawansa, ga ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa. Abin da ya kayar da ita awa biyu ko fiye a hanya kowane ɓangare, sannan yaron Jos da ya taɓa hawa ya ce akwai wuraren da falalen dutse ne miƙe, ba inuwa ba abin kamawa. Birnin Kudu kuwa muka ajiye ta a matsayin madadi. Can ne ake da zanen shanu na mutanen da a jikin kogunan Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda ke cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ke karewa. Yawo ne tsakanin manyan duwatsu fiye da hawa, ya dace da tsofaffi, amma samarin suka ce wannan ziyarar makaranta ce. Kazaure ma an ambace ta saboda tsaunukanta da dam ɗinta, sai dai ba mu da kowa a can.

A nan wani malamin Islamiyya da ke cikinmu ya tsoma baki da abin da ba mu yi tunani ba, wato sallah. Ya ce a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, kusan kilomita 80, ake ƙasaru. Zariya da Birnin Kudu sun wuce haka, Rano ba ta kai ba. Ya ce a faɗa wa mutane tun a gida, kada a je gindin dutse liman ya sallame a raka'a biyu a tsaya ana jayayya.

Ƙasar Rano ce ta rage. Tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce daga Kano, a bi titin Zariya, a karya a Karfi, a wuce Bunkure. Duwatsu ne birjik tun daga garin har Rurum da bakin dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Audu Baƙo aka gama a 1974. Rano kanta ɗaya ce daga Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba, wato baban rini, kuma har yau ana wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Akwai babban asibiti a garin. Uwa uba, direban da muke shirin yin shatar bas ɗinsa matarsa 'yar wani ƙauye ce a can.

Zuwa da kai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu kafin ranar, mu uku muka tafi a motata, ni da yaron Jos da direban. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, dagacin ne ya roƙa, kuma za a ga dalili.

Direban ya hana mu doshi dutse kai tsaye. Ya ce dutsen da ka gani a daji kamar ba mai shi, yana da mai shi. Muka sayi goro da sabulu, muka fara zuwa ƙofar gidan dagaci, muka zube muka yi gaisuwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, muna neman izini mu kawo 'yan'uwanmu su hau dutsen nan.” Ya dube ni ya dubi yaron da ke rataye da jaka, ya ce, “Su hau su yi me?” Na ce motsa jiki. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Daga Kano za ku ƙona mai, ku zo ku hau dutse, ku sauko, ku koma?” Fadawansa suka fashe da dariya. Ashe ba wasa yake ba. Ya ce baƙin da ke zuwa musu da maganar dutse iri biyu ne, masu neman ma'adinai da masu neman wurin fasa dutse, kuma duka biyun sukan fara ne da cewa kallo kawai suka zo. Sai da direban ya ambaci surukinsa, aka aika aka kira shi, sannan fuskar dagaci ta saki. Ya haɗa mu da wani tsohon maharbi, ya ce duk inda Baba ya ce kada a taka, kada a taka.

Dutsen da muka hango daga titi muka ƙyasa, Baba maharbi ya kai mu don mu gani da idonmu. Daga nesa kamar ƙwarya a kife, sumul, gwanin kyau. Da muka isa sai ga shi falale ne tun daga ƙasa, ba bishiya ko ɗaya, kuma a bayansa ana fasa dutse da nakiya. Na hau kamar taku talatin na juyo na dubi ƙasa, ƙafata ta fara rawa. Kyan dutse a hoto da daɗin hawansa ba su cika haɗuwa ba.

Na biyun ba shi da kyan gani ko kaɗan, tarin manyan duwatsu ne da bishiyoyi a tsakani, amma yana da hanyar da masu kiwo da masu itace suka daɗe suna bi. A gindinsa akwai wata tsamiya babba da mota za ta iya isa. Daga nan a ratsa gonar dawa da aka riga aka girbe, a fara hawa a hankali cikin marke da kanya, har a kai wani falale mai faɗi kamar tsakar gida, da gamji ya tsaga dutse ya yi masa rumfa. Daga falalen zuwa ƙoli ne ke da ɗan aiki, hanya ta miƙe, akwai tsakuwa mai zamewa. Yaron ya kunna manhajar wayarsa ta auna: zuwa da dawowa kilomita 3.8, hawa mita 140. A lissafin Naismith kusan awa ɗaya ke nan. Muka rubuta awa huɗu. Sharaɗin Sista kuma ya cika da kansa, zango uku: tsamiya, gamji, ƙoli.

A hanyar saukowa Baba ya tsaya ya shinshina ni. Ya ce, “Ɗana, wannan turaren naka a bar shi a Kano.” Ya nuna wata tsaga a jikin dutse, sama da hanya kaɗan, na kasa kunne na ji gunjin zuma. Ya ce maciji da sanyin nan ba ya cika yawo, sai dai ya fito shan hantsi, in ba ka cusa hannu a rami ba ba ruwansa da kai. Zuma kuwa ƙamshi da hayaniya ke tayar da ita, in ta tashi a kan dutse ba wurin gudu. Da na sa dokar hana turare a guruf sai da aka kwana biyu ana yi mini tsiya. A ce wa Bakano ya fita taro ba turare, kamar ka ce ya fita ba hula ne.

Batun lokaci ma a nan muka yanke shi. Da damina daji ya fi kyau, amma dutse na santsi, ciyawa ta rufe hanya, ga tsawa, ga amfanin gonar mutane. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40, dutse ya zama tanda. Bayan kaka zuwa Janairu ne daidai, da sharaɗin a haƙura da hazo.

Ranar

Mutum 24 suka zo. An ce ƙarfe shida da kwata a tashi, ba mu tashi ba sai bakwai da minti biyar, muna jiran mutum ɗaya da kular dambu. Wannan minti hamsin ɗin ita ta haifi rabin matsalolin ranar. Muka isa, muka gaida dagaci, muka fara taku ƙarfe tara maimakon takwas. Shugaba ya sanar cewa ƙarfe sha ɗaya duk inda mutum yake ya juyo, ko da taku goma ya rage masa.

Baba maharbi a gaba da sanda, yaron Jos a tsakiya, ni a ƙarshe, ba wanda zai kasance a bayana. Mutum uku suka zaɓi tsamiya tun farko, aka shimfiɗa musu tabarma tare da direba da kulolin abinci. Tun a gonar dawa ƙarangiya ta fara aikinta. Masu dogon wando mai kauri ba su ji komai ba, masu jallabiya da dogon hijabi kuwa sai tsinta suke suna tsaki. Na ga Hajiya ta tsaya ta naɗe hijabinta ta ɗaure a ƙugu, ta sa hannu ta karɓe sandar mijinta ba ta ko tambaye shi ba. Ƙafarta cikin kambas ɗin jikanta, ya yi mata yawa, ta cusa safa biyu.

Kafin mu kai gamji Alhajin Kwari ya fara ja da baya. Da yake ni ne a ƙarshe, ni na fara lura. Ya daina magana, wanda ba halinsa ba ne, goshinsa ya jiƙe da zufa alhali iska mai sanyi ake yi, hannunsa na karkarwa a kan sanda. Na ce, “Alhaji, lafiya?” Ya ce lafiya lau, a wuce. Na ƙwala wa Sista kira. Ta zaunar da shi, ta soki yatsansa da na'urar gwaji, sukarinsa ya yi ƙasa sosai. Ashe ya sha maganinsa da asuba, ya ƙi karyawa don kada ciki ya yi masa nauyi a hawa. Ta ba shi dabino uku da rabin lemon kwalba, ta ce a jira minti 15, ta sake gwadawa, sannan ta ba shi gurasa. Da ya dawo hayyacinsa abin da ya fara cewa shi ne kada a gaya wa Hajiyarsa a gida. Ya ƙarasa gamji a hankali, a nan ya yada zango.

Gamjin ya riƙe mutum tara, har da Hajiya, wadda ta iso da ƙafarta ta zauna ta ce ita ta ga abin da ta zo gani. Daga nan ana hangen ƙauyen gaba ɗaya, rumbuna da shanu da hayaƙin girki, can nesa hazo ya haɗiye sauran. Wani rema ya leƙo daga tsagar dutse ya koma, yaran birni suka ce ɓera ne.

Mu 12 muka ci gaba. Muka wuce tsagar zuma shiru kamar masu bin gawa. Aka isa ƙoli sha ɗaya saura minti goma, a nan doka ta karye. An sha wahala an iso, ga iska, ga hoto, wa zai juya bayan minti goma? Shugaba na ƙasa a gamji yana ta kiran wayata, ni kuma, in faɗi gaskiya, na ƙi ɗagawa sau biyu. Ba mu fara sauka ba sai sha biyu saura ashirin. Zuwa lokacin hazo ya yi sama, rana ta buɗe, dutse ya ɗau zafi, mutane sun gaji kuma suna sauri. Malamin da ya so Riruwai ya zo da takalmi sau-ciki mai tafin fata, duk da an faɗa an maimaita. Ya taka tsakuwa a kan falale, ƙafa ta tafi, ya zauna da ƙarfi ya gurje gwiwar hannu har jini. Ba karaya, alhamdulillahi, amma inda ya zame da ya ƙara taku biyu gefe da labarin ya sha bamban. Baba maharbi ya sa shi ya cire takalmin ya ƙarasa wurin da safa.

Sai ruwa. Mun yi lissafin leda huɗu ga kowane mutum, lita biyu ke nan, muka sayi jaka biyar. Lissafin sha ne kawai. Ba mu sa alwala ba, ba mu sa buta ba, ba mu sa wanke ciwo da wanke hannu kafin cin dambu ba. Wasu ma sun yi alwalar walaha a ƙoli da ruwan shan su. Kafin azahar ba ko leda ɗaya. Yaran ƙauyen ne suka cece mu, suka kai samarinmu famfon tuƙa-tuƙa da jarkar direba. Matan kuma sai gidan surukin direba aka kai su suka kama ruwa suka yi sallah, abin da ya kamata a ce mun shirya tun zuwan farko, amma da yake maza uku ne suka je duba wuri, ba wanda ya tuna.

Muka yi azahar raka'a huɗu a gindin tsamiya, aka ci abinci tare da Baba da yaran, muka tsince ledojinmu kaf a buhu, muka sallami Baba, muka koma muka yi wa dagaci ban kwana. La'asar a Kura ta same mu. Biyar da rabi muna Kano.

Zaman bita

Asabar ta gaba a teburin mai shayi aka baje komai. Shugaba ya fara da ni, kuma da gaskiyarsa: mai tsaron baya da ya ƙi ɗaga waya ya fi wanda ya makara laifi. Aka amince nan gaba mota ba ta jiran kowa, ko da shi ke riƙe da dambu. Sista ta ce za ta tsaya a ƙofar bas ta tambayi kowane mai ciwon sukari me ya ci, ta kuma duba ƙafar kowa, mai takalmin fata ya zauna a tsamiya. Ruwan sha daban, jarkar alwala daban. Duk zuwan duba wuri kuma sai da mace.

An ɗan yi musu kan ko dutsen ya cika “mai sauƙi”. Samarin suka ce wasan yara ne, malamin da hannunsa ke ɗaure da bandeji ya ce su bari su kai shekarunsa. A takardata na rubuta shi haka: zuwa gamji mai sauƙi ga duk wanda ya iya hawa Dala ba tare da an riƙe shi ba, daga gamji zuwa ƙoli matsakaici, kuma kafin sha ɗaya na safe.

Masu tambayata sunan ƙauyen, dagaci ya ce duk mai son zuwa ya biyo ta hannun wanda ya riga ya zo, kuma ya fara tsayawa a ƙofar gidansa. Baba maharbi ya kira ni ranar Laraba da wayar jikansa, ya ce akwai wani dutsen bayan nasu da ke da rijiya a kansa, ruwanta ba ya ƙafewa har bazara. Na faɗa a guruf. Hajiya ce ta fara amsawa, ta ce a tambaye shi ko akwai inuwa a rabin hanya, sannan a gaya wa jikanta kambas ɗin nan ya zama nata.